Sallama ta Uku

Mahaifinmu ba ya amsa sallama daga bayan ƙofa. Duk layinmu a Gyaɗi-Gyaɗi an san da haka, har da layin bayanmu. Ka zo bakin get ɗinmu ka yi ta kwaɗa sallama har muryarka ta dushe, yana zaune a bencinsa daga ciki, taku uku ne tsakaninku, ba zai ce uffan ba. Sai ya tashi a tsanake, ya leƙa ta wata 'yar huda da ya sa mai walda ya yi masa daidai idonsa, ya zare sakata, ya buɗe, ya dube ka ido da ido, sannan ya ce wa alaikumus salam. In kuwa bai san fuskarka ba, haka za ka gaji ka tafi kana ganin ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofa.

Tsohon soja ne. 'Yan unguwa Saje suke ce masa, in ya ba da baya kuma su ce kurman Saje. Akwai wata mata 'yar kudu, Kirista, mai shagon kayan shayi a bakin layi, wadda Hausarta ta fi ta wasu haifaffun gari. Ita kaɗai ke iya tarar sa da maganar.

"Baba Soja, ni da ba salla nake yi ba ina amsa sallama. Kai da goshinka ya yi baƙi me ya hana ka?"

Sai ya yi murmushi ya karɓi sukarinsa ya wuce. Ni kuwa kunya kamar in nutse. Allah ya yi ni da baki, Ummanmu kan ce da ana sayar da shi da tuni mun gina bene, amma a gaban Baba bakin nan mutuwa yake yi. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, uwata yake ce mini.

Shekarun ƙarshe na aikinsa a ƙasar waje ya yi su, cikin sojojin da ke gadin ofishin jakadancin ƙasarmu a wata ƙasa can gabas. Ina aji huɗu a firamare ya dawo gaba ɗaya. Ya zo da akwatin ƙarfe, da rediyo, da wata tsohuwar zabirar wanzami ta jar fata. Alewar da muka sa rai da ita ko ƙwaya ɗaya babu. Ya kafa ƙusa a bango daga cikin get, saman bencinsa, ya rataye zabirar, ya ce kada wanda ya taɓa. In rana ta yi zafi sai ta riƙa fitar da ƙamshin fata da sabulun salo, ka rantse yanzu aka gama yi wa wani aski a wurin. Shi kuwa tun da ya dawo bai miƙa wa wanzami kansa ba. Duk Alhamis bayan azahar zai jingina guntun madubi a jikin buta ya aske kansa da reza, ya yayyanke ƙeya, Umma na mita yana yi.

Gidanmu ya mayar ofishin jakadanci. Mu ne ma'aikata, Umma ce jakada, ko da yake jakadan da ba a neman shawararsa. Ya koya mana dokokin aikin tun ba mu san ma'anarsu ba. Yakan ce sojan ofishin jakadanci ba yaƙi aka tura shi ba. Abin da ke bayan katanga na masu ƙasa ne, 'yan sandansu da sojojinsu ke da alhakinsa, ko da a gaban idonka ake aikata shi. Naka shi ne abin da ke ciki, mutane da takardu da tuta. Ba ka harbi sai an haura katanga kuma rai ya shiga haɗari. Da jiniya ta yi kuka a rufe get, a tattara kowa a ɗaki mai ƙofar ƙarfe, a fara ƙona takardu. Daga nan ba a buɗe wa kowa sai babba ya ba da umarni. Ba a kuma magana da wanda ke waje, domin murya ana aron ta, kuma wanda ka sani ana iya tasa shi gaba da bindiga a ƙeya. Ba ka barin wurin gadinka sai an zo an karɓe ka.

Get ɗinmu sakata biyu gare shi. Akwai ƙarama ta yau da kullum, akwai kuma babba, wani ƙarfe mai tsawon taɓarya da ake zurawa a gicciye. Wannan ta ranar tashin hankali ce. Duk wanda ya girma a Kano ya san irin ranar, wadda ake fara jin gudu a titi kafin a ji dalili.

"In na zura babbar sakata, na zura," in ji shi. "Wanda ke waje ya yi sallama sau uku, yadda addini ya koyar. In ya ji shiru kada ya tsaya. Ya nemi gida mafi kusa ya faɗa. Kun ji?"

Muka ce mun ji. Na ce, "Ko da ni ce, Baba?"

"Ko da uwata ce."

Ban san wacce yake nufi ba, ni ko wadda ke kwance a maƙabarta. Ban sake tambaya ba.

Na girma, na fara koyarwa a wata firamare a Unguwa Uku, na yi aure aka kai ni unguwar Babban Giji. Wata rana gwaggon mijina, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta tashi takanas ta je gaida iyayena. Umma ba ta nan, Baba kuma bai san fuskarta ba. Ta yi sallamarta uku, ta ga ƙafafu, ta juya. Kafin magariba dangin mijina sun raɗa mini suna 'yar gidan kurame. Washegari daga makaranta ban zarce ko'ina ba sai Gyaɗi-Gyaɗi, raina a ɓace. Alhamis ce, na same shi gaban guntun madubinsa, rabin kai da kumfa.

"Baba, wai me mutane suka yi maka? Amsa sallama fa wajibi ne. Ka jawo mini abin magana a gidan miji."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Zauna, uwata."

Na zauna a ƙarshen benci, ƙarƙashin zabirar, wurin da ban taɓa yarda in zauna ba. Yana aski yana magana, idonsa a madubi.

Ya ce a can ƙasar akwai Hausawa, jikokin mutanen da suka tashi aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a hanya suka zauna. Cikinsu akwai wani dattijo wanzami da ke zuwa duk Alhamis bayan azahar ya yi wa sojoji aski a inuwar get. Bai taɓa ganin Kano ba, amma Hausarsa irin ta kakanni ce, har yakan tambaya ko yanzu ma ana rufe ƙofofin gari da magariba. Baba ne ke buɗe masa. Shekara uku suna haka, yana aske Baba, Baba na ba shi labarin dutsen Dala da kasuwar Kurmi.

Wata Alhamis da rana tsaka garin ya hargitse. Jiniya ta yi kuka, aka rufe get, aka kwashe ma'aikata zuwa ciki, hayaƙin takardu ya fara tashi daga bayan gini. Baba aka bari a ƙofa. Yana jin taro na tahowa daga ƙarshen titi, kamar ruwan sama a kan kwanon maƙwabta kafin ya iso naka. Sai ya ji murya dab da ƙarfen: "Salamu alaikum, masu gida."

"Doka ta ce in yi shiru," in ji Baba. "Da na yi shiru, da ya yi ta biyu, ya yi ta uku, ya juya. Bahaushe ne, ya san ƙa'ida. Akwai lokaci, lungunan kasuwa ga su nan kusa. Amma bakina ya riga ni. Na ce wa alaikumus salam. Ban tsaya nan ba. Na ce masa ina zuwa."

Kowa ya san ina zuwan Bahaushe, muna faɗin ta ko da tafiya za mu yi ba dawowa. Amma dattijon da aka ce wa ina zuwa a bakin ƙofa ba ya tafiya. Rashin ladabi ne ya tafi.

Baba ya buga wa babbansu waya ya roƙi izinin buɗewa. Babban ya ce a'a, ya kuma ce kada ya sake jin ya yi magana da kowa. Baba ya ce bai taɓa ganin laifin babban nasu ba, akwai mata a ciki, kuma babu wanda ya san abin da ke bayan dattijon. Ya koma ya tsaya. Ta ƙarƙashin ƙofa yana ganin ƙafafun wanzamin. Yana kallo ya ga ya tuɓe takalmansa, ya jera su gefe, kamar mai shirin shiga ɗaki.

"Na so in ce masa gudu. Kalma ɗaya ce, uwata. Na karya doka don gaisuwa, na kasa karya ta don rai."

Taron ya iso da duwatsu da wuta, aka janye Baba zuwa cikin gini. Ba a haura katanga ba, ba a yi harbi ko ɗaya ba, har aka yaba musu daga baya. Washegari da aka buɗe get ya tarar da takalman a jere, zabirar a jingine. Babu jini, babu gawa. Ya bi unguwar Hausawa, ya bi asibitoci, babu wanda ya sake ganin mutumin. Takalman ya kai wa wata 'yar'uwarsa. Zabirar ta ce ba ta so a gidanta.

Ya ɗauraye reza a gwangwani. Ya ce tun daga ranar bai sake amsa wa kowa daga bayan ƙofa ba, bai kuma sake ce wa kowa ina zuwa ba. Na yi tunani, na ga gaskiya ne. Tun muna yara cewa yake jira ni, ko tafi kada ka jira ni.

"Duk Alhamis bayan azahar ina jin sa," in ji shi. "Nan, a bakin ƙofar nan. Ina yin shiru ko zai gane ya tafi. Ba ya tafiya. An ce masa ana zuwa."

Na dubi get. Rana ce fayau, wani mai tura ruwa na wucewa yana kaɗa jarkoki. Tausayinsa ya kama ni, na ce a raina tsufa ne ya fara taɓa shi. Haka na gaya wa mijina, haka na gaya wa kaina. Amma daga ranar na daina zuwa gida ranar Alhamis, kuma in aka tambaye ni sai in ce aikin makaranta ne.

Bayan shekara biyu, cikin bazara, ina da cikin fari wata bakwai, irin ranar nan ta zo. Wajen sha biyu iyaye suka fara shigowa makaranta a guje suna fizgar 'ya'yansu. Wannan ya ce daga kasuwa ne, wancan ya ce daga tasha ne. Na samu adaidaita sahu da ƙyar, wani baƙon ƙauye ne ke tuƙawa. Muka nufi Babban Giji muka tarar an tare hanya da tayoyi suna ci da wuta. Ya juya, ya yi ta kurɗawa lungu-lungu har ya rasa inda yake, sai ga mu a bakin Gyaɗi-Gyaɗi.

"Hajiya, sauka don Allah, iyakata nan."

Na sauka. Sai a lokacin na tuna Alhamis ce, kuma masallatan unguwa sun riga sun kira azahar.

Ban taɓa ganin layinmu haka ba. Rana tsaka, amma babu ɗan Adam ko ɗaya. Shagon matar nan 'yar kudu a garƙame. Mai suyar awara ta gudu ta bar kasko a kan wuta, mai na ta ƙauri. Rediyon wani tela na ta magana shi kaɗai a bayan ƙofar shago. Silifas warwatse a kan titi, wari nan wari can. Ni kuwa tafiya nake kamar agwagwa, hannu ɗaya a ƙugu, ina jin wannan gunjin da Baba ya kwatanta yana tahowa ta wajen titin gidan zu, gidan namun daji.

Na tura get ɗinmu. Ko motsi bai yi ba. Na san nauyin babbar sakata. Na duba ƙasa, ga ƙafafunsa nan, tsaye.

"Salamu alaikum."

Shiru. Ƙamshin fata da sabulun salo ya buge ni ta tsagin ƙofa.

"Baba, ni ce. Ni kaɗai ce, wallahi babu kowa a bayana."

Hudar leƙen ta yi duhu, wato idonsa na kai. Daga can cikin gida ina jiyo muryar Umma tana tambaya wane ne, ba a ba ta amsa ba.

"Salamu alaikum."

Shiru. Na waiga dama da hagu. Gida mafi kusa da ya ce a faɗa, kowanne a rufe yake ruf. Gudu kuwa, da wane ƙafafu? Tsoro ya kama ni, amma wallahi haushi ya fi tsoron yawa. Na gane abin da yake jira. Ta uku yake jira, in yi ta in juya, shi ya cika dokarsa. Na ce a raina ba zan yi ba. In mutuwa ce, in mutu a nan da sallama biyu, yana kallon ƙafafuna. Na datse leɓɓana, na jingina goshi a jikin ƙarfen mai zafi. Yarinyar cikina ta yi wani juyi. Gunjin ya matso har ina iya rarrabe muryoyi da ƙarar fashewar gilashi.

Sai aka yi ta ukun.

Daga bayan kafaɗata ta dama ta fito, ƙasa-ƙasa, muryar dattijo, babu gaggawa a cikinta ko kaɗan.

"Salamu alaikum, masu gida."

Ba ni na yi ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, bakina a rufe yake. Ban waiga ba, wuyana ya ƙi. Idona na ƙasa, kuma inuwa ɗaya ce a wurin, tawa, dunƙule a gindin ƙafafuna.

Daga bayan rufaffiyar ƙofa, karo na farko a rayuwata, na ji muryar Baba ta amsa.

"Wa alaikumus salam. Ga ni nan."

Babbar sakata ta yi ƙara, get ya buɗe, na faɗa ciki na dafe benci. Bai dube ni ba. Ya riƙe ƙofar a buɗe, ya ja gefe kamar yadda ake ba babba hanya, idonsa a kan wani wuri da babu komai, daidai tsayin fuskar gajeren mutum.

"Bismillah, shigo. Ka yi haƙuri, na daɗe."

Umma ta fito tana ihu, "Rufe mana, Malam, rufe!" Bai kula ta ba. Ya jira gwargwadon yadda tsoho zai ɗaga ƙafa ya ƙetare dokin ƙofa, sannan ya rufe a hankali, ya zura sakata. Ya zauna a benci, amma can gefe guda, ya bar wuri. Hawaye na bin gemunsa. Umma ta ja ni ɗaki tana tofa mini addu'a.

Taron ya bi ta babban titi, bai shigo layinmu ba. A gida na kwana. Da safe mijina ya zo ɗaukata, Baba ya buɗe masa, sai ga takalma a bakin get, tsofaffi na fata irin na dattawa, a jere, suna fuskantar gida. Umma ta ce na masu gudu ne, ai layin cike yake da takalma. Gaskiyarta, cike yake. Sai dai mai gudu ba ya tsayawa jera takalmi. Baba ya sunkuya ya ɗauke su, ya kaɗe ƙura, ya tura su ƙarƙashin benci.

Daga ranar kurman Saje ya warke. Sallama ko daga ƙarshen layi aka yi sai ya amsa, har matar shago ta ce, "Baba Soja, wane asibiti ka je in kai mijina?" Alhamis ta gaba ya sa hula ya tafi bakin titi wurin wanzami. Zabirar na nan rataye, amma ƙamshin ya daina. Kowa a gidan ya yi murna. Ni ma na yi, amma wata tambaya ta tsaya mini a rai.

Na haifi 'yata lafiya. Yana son ta, yakan ɗora ta a cinya a kan bencin nan. Ina kallon su, tambayar na cin raina. Shekara biyu ina haɗiye ta, ni da ba a san ni da haɗiye magana ba. Wata rana da la'asar muna zaune mu biyu, yarinyar na wasa da hularsa, na ce, "Baba, zan tambaye ka, don Allah kada ka ɓoye mini. Ranar nan, da ni kaɗai ce a ƙofa, za ka buɗe?"

Ya dube ni. Ya sauke yarinyar, ya karɓi hularsa, ya miƙe da ƙyar yana dafa bango.

"Ina zuwa, uwata."

Ya shiga ɗaki. Na zauna har aka kira magariba bai fito ba, Umma ta ce barci ya ɗauke shi. A makon nan ciwon ajalinsa ya kwantar da shi, harshensa ya yi nauyi, bayan kwana tara muka rasa shi.

An canja get ɗin yanzu, an sa na zamani mai turawa, amma bencin na hana a fitar. 'Yata ta shiga sakandare. Duk ranar da na je gaida Umma nakan zauna a kansa bayan la'asar, ina fuskantar ƙofar ɗakinsa, har Umma ta ce wai me kike jira ne a nan, ki shigo ciki mana. Sai in ce mata ina shan iska ne. Na san ba zai fito ba, da hankalina. Amma ni Bahaushiya ce, kuma an ce mini ana zuwa.